Askin ranar Talata da sassafe

Shagon ba shi da allo. In ka shigo unguwar Mabera a Sakkwato ka bar babban titi, ka bi layin da ke bayan masu sayar da katako, za ka ga wani ɗan ɗaki mai koren ƙyaure tsakanin mai shayi da mai gyaran waya. Kujerar aski ɗaya, benci ɗaya, madubi ɗaya, sai farantin sola biyu a kan rufi. Wata bakwai ke nan a nan ake yi mini aski, kuma a shekara 34 da na yi a duniya, nan ne wuri na farko da nake tashi daga kujerar mai aski kaina ba ya sarawa. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin shagon, da abin da ya gamsar da ni da wanda bai gamsar da ni ba, ko wani mai irin larurata zai amfana.

Bara, bayan Babbar Sallah, likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini ina da otizim. A rediyo ana ce masa galahanga, amma in na faɗi wannan kalma sai a dube ni sama da ƙasa a ce wasa nake, don ina da aiki, ina da iyali, ni ke riƙe wa wani dillalin albasa lissafinsa shekara tara ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Ba ma don kaina muka je asibiti ba. Ɗanmu na fari ne ya kai shekara huɗu bakinsa bai buɗe ba sai kalma ɗai-ɗai, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, in maƙwabta suka tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Likitar yara tana jero tambayoyi, maiɗakina tana amsawa, can sai ta yi shiru ta dube ni, ta ce, "Likita, duk abin ga da kike hwaɗi, babanshi ma haka shike." Likitar ta ajiye biro. Ta ce abin yana bin jini ƙwarai, kuma sau da yawa ta dalilin ɗa ake gano uba.

Zama uku na yi da likitan manya. Ba a ɗibar jini, ba a ɗaukar hoton kai, tambayoyi ne da bin tarihi tun daga yarinta. A zama na biyu ya ce in zo da wanda ya san ni ina ƙarami, sai na ɗauko Inna daga cikin gari. Da ƙyar ta yarda. A Sakkwato in aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa wa mutane shi ne Kware, inda asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya yake, kuma ita ba ta haifi mahaukaci ba. Sai da na rantse mata magana kawai za a yi.

Likita ya tambaye ta abin da ta fi tunawa. Na zaci za ta ce rashin wasa da yara, ko yadda nake jera marafan kwalba a tsakar gida in yi ta kuka in an taɓa ɗaya. Sai ta ce, "Aski. Wanga yaro in wanzami ya shigo gida, sai mutum uku sun riƙe shi. Ya yi ta ihu har muryatai ta dishe. Mu mun aza iskoki na. Anka yi hayaƙi, anka yi rubutu, ba abin da ba mu yi ba." Likita ya yi mata bayani a hankali: ƙwaƙwalwar mai otizim tana karɓar ƙara da taɓi da wari da haske da ƙarfin da ya wuce na sauran mutane, ko kuma ƙasa da nasu, kuma haka aka halicce ta, ba sammu ba ne, ba allurar rigakafi ba ce, ba laifin tarbiyya ba ne. Inna ta ja gefen mayafinta ta share ido. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe zahi shike ji." Ban san tana riƙe da abin a ranta duk shekarun nan ba.

Na yi ta tunanin yadda aka yi na kai wannan shekaru ba wanda ya gane. Ina ganin al'adarmu ce ta lulluɓe ni. Rashin kallon mutum ido cikin ido, wanda a wasu ƙasashe shi ne farkon abin da ake lura da shi, a nan kunya ce da ladabi, yabona ma ake yi a kai. Gaisuwarmu kuma tana da tsari, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, na haddace ta kamar karatun allo. Sai an gama gaisuwa an shiga hira nake rasa inda zan sa ƙafa, a nan ne aka sa mini suna miskili, wasu su ce girman kai. Daga baya na karanta cewa tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar a jikin yara 11, amma sai a 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na can suke bi ya sa wannan matsala ta ƙara da taɓi cikin alamomin da ake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Yaran nan kuwa girma suke yi, su yi gemu, su buƙaci aski.

Wanda bai taɓa ji ba zai yi wuya ya gane abin da shagon aski yake a wurina. Janareta yana ruri a bakin ƙofa. Talabijin tana nuna ƙwallon Ingila, mutum shida suna gardama a kan benci, wani yana kallon bidiyo a waya ba tare da abin kunne ba. Ni duk ƙarar nan daidai take shigo mini, ba wadda ke gaba ba wadda ke baya. A ɗaure maka ƙyalle a wuya ya shaƙe maƙogwaro. Hannu ya zo ta baya ba sallama ya murɗa maka kai. Sannan kilifa ta sauka a ƙashin bayan kunne, kuma nan ne ƙarshen haƙurina. Na taɓa gwada cusa auduga a kunne, abin ya ƙara muni, domin rurin ba ta iska yake shiga ba, ta ƙashin kai yake bi ya isa can cikin kunne, toshewar sai ta kulle shi a ciki. An ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Nawa tun daga ƙeya yake farawa. In an gama a watsa sifirit mai turare, guntayen gashi su shige wuyan riga, in hau kabu-kabu in koma gida in rufe ɗaki, ba mai jin muryata sai washegari. Don haka nakan bar sumata wata uku, huɗu, ina ɓoye ta cikin hula, har maigidana a wurin aiki ya fara yi mini hannunka mai sanda.

Maiɗakina ce ta ji labarin wannan mai aski, wai yana bin tsofaffi da marasa lafiya har gida, kuma ba shi da hayaniya. Dattijo ne da ya haura hamsin, ɗan gidan wanzamai, da aska da zabira ya fara kafin ya koma kilifa. Baba nake ce masa. Ranar da zan je na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don na san in na tsaya gabansa maganar za ta gudu. Na same shi yana shara, na gaishe shi, na karanta masa: ƙara tana yi mini ciwo, taɓi ba zato yana firgita ni, ba na iya hira ana aski, ba raini ba ne. Ban ambaci sunan larurar ba sai a ƙarshe.

Ya jingine tsintsiya. Bai ce Allah Ya sawwaƙe ba, bai ce ai kowa ma haka yake ji ba, waɗanda su ne amsoshi biyu da na saba samu. Ya ce, "To, mi ka damunka ya hi? Ƙarar ko taɓin?" Na ce ƙarar a bayan kunne. Ya ce, "Wurin ga sai mu yi shi da almakashi da reza. Ka taho Talata in an hito sallar Asuba, rana ba ta yi ba, ba kowa."

Haka muke yi har yau, Talata ɗaya bayan uku. Ƙarfe shida da rabi ƙyauren a buɗe yake. Layin shiru, sai ƙarar cokalin mai shayi. Ba janareta a shagon sam, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sayar da nasa ya haɗa sola, ya koma kilifa mai caji, wadda rurinta bai kai rabin na mai igiya ba a kunnena. Rediyonsa a kashe. Yana da wata fitila mai launi-launi a gefen madubi da ke ƙyaftawa, ranar farko ya ga ina runtse ido, ya miƙa hannu ya zare ta, bai sake kunna ta ina nan ba. Ƙyallen wuya ba ya ɗaure shi, tawul yake naɗa mini sakwa-sakwa in riƙe bakinsa da hannuna, in na ji ya ishe ni in saki.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne yana faɗi kafin ya taɓa. "Za ni kama kunnen dama." Sai ya kama. "Za ni duƙar da kai." Sai ya duƙar. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kalma uku ko huɗu, ba ya jiran amsa. Kuma kullum tsari ɗaya yake bi, dama, ƙeya, hagu, tsakiya, gaba, har na san saura nawa a gama ba sai na buɗe ido ba. In zai riƙe kaina, da tafin hannu gaba ɗaya yake dafawa, da nauyi, ba ya shafa ta da yatsu. Wannan ban roƙe shi ba, shi ya lura cewa in ya taɓa sama-sama ina zabura, in ya danne ina lafawa. Da na yi mamaki sai ya ce haka ubansa ke riƙe kan jinjiri ranar suna. Ya tuna mini da Temple Grandin, wata farfesar kiwon dabbobi a Amurka mai otizim, wadda tana budurwa ta ga shanu suna natsuwa in an matse su cikin ƙarfen da ake riƙe su a yi musu allura, har ta ƙera wa kanta irinsa. Na ba Baba labarin, ya ce duk wanda ya taɓa kama bijimi a Kara ya san haka.

Bayan kunne da gefen wuya da almakashi yake bi, sannan ya gyara da reza. Yana ɗaukar lokaci, askin da wasu ke yi cikin minti goma sha biyar mu sai mun yi arba'in. Ba ya sa mini sifirit mai turare, ruwan ɗumi yake karɓowa wurin mai shayi ya jiƙa tsumma ya goge. Ya kuma ba ni shawarar da ta sauƙaƙa mini rabin wahalar: in riƙa zuwa da riga ta biyu a leda, in canza nan take kafin guntayen gashi su fara cizo.

Ta wajen tsabta ba ni da ƙorafi. Sabuwar reza yake ɓarewa a gabanka, tsohuwar ta shiga gwangwani mai murfi. Kilifa yana goge ta da sifirit ya bi ta da wuta kamar yadda kowa ke yi, amma ni ban dogara da wannan ba, don ciwon hanta yana iya bin ɗan jinin da ido ba ya gani, sai na sayi tawa, yana ajiye mini ita a aljihun tebur. Kuɗin askinsa naira 700. Ni 1,500 nake ba shi saboda sammakon da tsawon lokacin, kuma sai da muka yi ta ja kafin ya karɓa. Tsabar kuɗi ya fi so. Aikinsa saisaye ne da ƙwal-kwabo da gyaran fuska, mai neman askin 'yan ƙwallo ya nemi wani wuri.

Sai dai shagon ƙanƙane ne kuma rufin kwano ne ba silin. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kafin ƙarfe tara ya zama tanda, fankar sola kuwa iska mai zafi take juyawa. Da damina kwatar gaban shagon tana tashi. Makon Sallah kada ma ka gwada, tun Asuba yara sun yi layi har bakin mai shayi, ni kwana goma kafin Sallah nake yin nawa.

Kuma duk wannan kulawa a jikin mutum ɗaya take. Wata Talata na zo na tarar da yaron shagonsa, ya ce an yi wa Baba rasuwa a Wurno, ya tafi tun dare, amma ya bar saƙo a yi mini aski. Da na bi abin da zuciyata ta faɗa mini da na juya. Na zauna don kada in kunyata yaron. Yana da ladabi, ya kashe rediyo, ya ɗauko kilifata. Amma hannunsa ya saba da sauri. Ya murɗa kaina ba magana, ya hau bayan kunne da inji, da na ɗaga hannu sai ya ce, "Yi haƙuri Yaya, saura kaɗan," ya ci gaba. Daga nan ban iya cewa komai ba. Maganar tana nan cikin kaina, bakin ne ya ƙi buɗewa. Na miƙe da rabin aski, na kifa hula, na ajiye kuɗi na fita, a ƙasa na tako har gida don ba zan iya jure ƙarar babur ba. Ranar ban je aiki ba. Da Baba ya dawo, har gida ya zo da zabirarsa ya ƙarasa mini a zaure, ya ce laifinsa ne da bai zaunar da yaron ya koya masa ba. Yanzu in zai yi tafiya yana aiko mini da saƙo tun daren Litinin, kuma ya fara sa yaron ya tsaya yana kallo in ana yi mini.

Abu na biyu ya fi wannan ci mini rai. Wata rana wani mutum da ban sani ba ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce shi ne mai aski ya ba shi labarin ciwona, yana da ɗa ɗan shekara tara da ba ya yarda a taɓa masa kai. Jikina ya yi sanyi. A lokacin ko 'yan'uwana ba duka suka sani ba, maigidana a wurin aiki bai sani ba, kuma na san yadda magana ke yawo a garin nan, ta fita a otizim ta dawo a hauka, ta shafi har auren ƙannena mata. Na san da kyakkyawar niyya Baba ya yi. Duk da haka sirrina ne, ni ke da ikon zaɓar wanda zai ji. Talatar da ta biyo na sake rubuta takarda na karanta masa. Ya yi shiru, ya ce, "Na yi kuskure, Malam. Tausan yaron ya kama ni. Ba ni ƙarawa." Ban sake jin maganar a bakin kowa ba. Amma wanda zai je, ya faɗa masa tun farko abin da yake so ya tsaya tsakaninsu, don shagon aski wurin hira ne, kuma Baba mutum ne mai son haɗa mutane. Mutumin nan kuwa daga baya ni da kaina na neme shi, na kwatanta masa sashen da zai je a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ɗansa Laraba yake zuwa aski yanzu.

Namu yaron ya cika shekara biyar, kuma tun askin suna ba a taɓa yi masa aski ido biyu ba, sai yana barci uwarsa ke bin sumar da almakashi. Na ce ba za a danne shi ba ko da sumar za ta kai kafaɗa. Baba ya ce in riƙa zuwa da shi kawai. Zuwan farko a bakin ƙofa ya tsaya, bai shigo ba. Na biyu ya shigo ya yi ta juya kujera, Baba ya bar shi har ya gaji. Na uku ya miƙa masa kilifa a kashe, ya jujjuya ta, sannan aka kunna ta a tafin hannunsa, ya yar, ya sake ɗauka, ya kanga ta a kumatu yana dariya. Inna ta ja kunnena kada a bar mata jika da rabin kai a aske, Baba ya ce ba za a yi haka ba, da almakashi zai riƙa rage ta ko'ina daidai, kaɗan-kaɗan.

Talatar da ta wuce yaron ya zauna a cinyata, bayansa a ƙirjina, na zagaye shi da hannu biyu na matse shi yadda na san yana so. Baba ya durƙusa har fuskarsu ta yi daidai, ya nuna masa almakashin, ya ce, "Za ni taɓa nan." Yaron ya kama yatsan Baba ya ɗora a kansa da kansa. An yi minti huɗu kafin ya zame ya nufi ƙofa, Baba ya ajiye almakashi nan take. An rage dama da ƙeya da hagu. Uwarsa ta sa na kwaso mata gashin a takarda.